Ranar da Tansiyona Ya Wuce na Kaka

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba zan manta ranar da na raka kakata awon tansiyo ba, wato awon hawan jini.

Lokacin ina 'yar shekara goma sha shida, ina lakwal, wato makaranta, a Tawa, siririya kamar sillen kara. Duk sanda Kaka ta zo daga Affala, kafin ta aje ƙunshinta sai ta ce, "Wai ke ba a ba ki tuwo a gidanga? In iska ta taso, ki riƙe bango!" A wurinta budurwa marar kumatu ba ta cika budurwa ba. Ina dariyar yaƙe, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Sai wata ƙawata ta nuna mini ƙwayoyin ƙiba wurin mai tallar magani a faranti. Na dinga haɗiya a ɓoye. Ai kuwa cikina ya buɗe! Fanke, taliya da mai da magi, lemun kwalba, ko yaji na samu sai na ƙara masa gishiri. In an fita wasan motsa jiki, in ce ƙafata ke ciwo. Cikin wata uku fuskata ta cika tam. Ciwon kai da ƙishirwar da suka dame ni kuwa, na ɗora wa rana.

Da Kaka ta dawo awonta ta gan ni, har guɗa ta yi. Muka tafi asibiti tana nuna ni ga mutane.

Ita fa tsoron abin awon take, wai jini yake tsotsa. Ta ce wa malamar asibitin, "Ɗiyata, fara ɗaura shi ga wagga ƙosassa, in ga ko za ta mutu."

Na miƙa hannu ina yanga. Malamar ta duba, ta sake ɗaurawa, murmushinta ya ɗauke. Ta auna Kaka, sannan ta ce, "Inna, naki da sauƙi. Na yarinyar ne ya hau."

Na ce, "Haba Madam, ai ciwon tsofaffi ne!"

Ta latsa kumatuna, ta ce, "Wa ya gaya miki? Faɗi gaskiya, mi kike sha?"

Na fashe da kuka, na zaro ƙwayoyin daga jakata. Ta ce kumburi ne nake kira ƙiba, in na ci gaba, ciwon suga da na ƙoda za su same ni tun ban gama lakwal ba. Ta hana ni yankewa lokaci ɗaya, ta tura ni wurin likita ya rage mini a hankali.

Muka kamo hanyar gida ni da Kaka. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna, ta ce, "Bakina ya jawo miki. Rame abinki, jikalle. Ke za ki yi kukana, ba ni zan yi naki ba." Daga ranar, in ta zo, kwano ɗaya muka koma ci, miya lami, muna tsaki tare.

Na koyi cewa ciwo ba ya tambayar shekaru, kuma tsokanar da babba ke yi wa jikin yarinya, ita da gaske take ɗauka. Shi ya sa yau ko da wasa ba na ce wa ɗiyata ta rame.