Motar da Ba Ta Jin Ƙafar Kowa

A gidan burodin da yake ɗaukar kaya, Takalmi Ɗaya suke ce masa. Da ya shiga motarsa zai cire takalmin hagu ya cusa ƙarƙashin kujera, domin fedar kulocinsa in an taka ta ba ta dawowa da kanta, sai ya sa babban yatsa ya ɗago ta. Ya yi shekaru a haka har ƙafar ta san aikin fiye da shi. Yana hira, yana gaisawa da masu shaguna ta taga, yatsan yana can ƙasa yana harkarsa.

Kondasta ya fara yi, ya yi tuƙin motar wasu, daga baya ya sayi wannan tsohuwar da ta aurar masa da 'ya'ya uku. Duk wanda ya are ta ba ya kai bakin titi sai ya dawo masa da makulli. Wannan yana masa daɗi, ko da yake bai taɓa faɗa ba. In matarsa ta ce ya kai ta gareji sai ya ce, “Abin da ke tafiya ba a tambayarsa lafiya.”

Ciwon suga ne ya ɓata lissafin. Ƙafar hagun ta fara mutuwa, yatsan ya daina jin ƙarfe. Ga shi kuma wata rana a hanya ya ga man kulocin ya yi ƙasa, ya ƙara da jan man sitiyari da ke cikin but, wai mai ai mai ne. Tun daga nan fedar ta koma kwanciya a ƙasa kamar wadda aka bai wa gado. Burodi ya fara isa shaguna bayan mutane sun gama shan shayi. Mai gidan burodin ya ja shi gefe ya ce in aka sake, zai ba wani direba layin.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta daɗe da lasin ɗinta, a makarantar tuƙi ta koya.

“Baba, ka ba ni motar nan,” in ji ta.

“Ba ta jin ƙafar kowa sai tawa.”

“To yanzu taka ma ta daina ji. Sai mu koya mata biyayya.”

Ya yi kamar bai ji ba. Da rana sai ga shi ya kwance robobin kulocin na sama da na ƙasa, ya naɗe a leda, ya ce ta raka shi shagon kayan mota. Mai shagon ya juya robar a hannu, ta kumbura ta yi laushi.

“Tsoho, me ka ba ta ta sha haka?”

“Man sitiyari ne, ɗan kaɗan.”

“Guba ma ai ɗan kaɗan ake sa wa.” Ya sauko da ƙaramar kwalba. “Kulocinka man birki yake sha. Me aka rubuta a murfin inda kake zuba man?”

Takalmi Ɗaya ya buɗe murfin nan sau ba adadi, bai taɓa karanta shi ba. 'Yarsa ce ta nuna hoton da ta ɗauka a waya: DOT 4.

“Shi ne wannan. Kada ku karɓi wanda aka buɗe ko na awo, man nan yana jan ruwa daga iska. Kuma kada ya ɗiga a fenti.”

A ƙofar gida suka yi aikin. Suka zubar da tsohon man, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, suka wanke hanyarsa da sabo, suka sa sabbin robobi, ya shafa giris a ƙusar da fedar ke juyawa a kai. Saura fitar da iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar da sifana da ɗan tiyo, ita ta hau kujerarsa.

“Taka! Taka! Riƙe!”

“Na riƙe.”

Ya sassauta notin fitar da iskar, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. “Saki.”

“Baba, man sama ya yi ƙasa.”

“To ƙara mana, ko sai na rubuto miki takarda?”

Haka suka yi ta yi har kumfar ta ƙare. Can ta ce, “Baba, fedar ta dawo da kanta.”

Ya ɗan jima a kwance yana kallon cikin motar, sannan ya fito yana kaɗe riga, ya ce ta matso da kujerar gaba tunda ƙafarta ba ta kai tasa ba.

Washegari suka isa gidan burodin ana fito da tiren farko. Mai gidan ya leƙa taga, ya ga wadda ke riƙe da sitiyari, ya ga tsohon a gefe ya rungume hannu.

“To, wa zan riƙa yi wa faɗa yanzu?”

“Ita,” in ji shi. “Ni ɗan rakiya ne, shaguna zan nuna mata. Amma ka yi a hankali, ta fi ni baki.”

Mai gidan ya yi dariya, ya ce a loda musu.