Zare a Bakin Zabuwa

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani da kunne na ɗauke shi, mafi yawa daga bakin kakata Iya Dije, a ƙauyenmu can bayan Tasawa. Bayan sallar isha takan tura kara biyu a murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira mijinta, mijin da ko goro bai taɓa kawo mata ba. In wuta ta kama sai ta ce ga ta nan, mu ce ta zo, ta ce ai ta riga ta iso, mu rufe baki.

Akwai wadda ta fi yi mana. Wani mutum ne mai zabuwa. Zabuwar nan ba ta ganin abu ta yi shiru, ko maciji, ko inuwar shaho, ko zanen da iska ta kaɗa a igiya. Ta yi kuka, gari ya fito da sanduna, a tarar ba komai. Mai gari ya gaji, ya sa doka: duk fitowar banza, tiya ɗaya ta hatsi. Rumbun mutumin ya fara sauka. Sai ya samu zare ya ɗaure bakin zabuwa, kowa ya huta. Ranar da kura ta shigo garke, zabuwa na kan darni tana gani, tana ta miƙa wuya.

Miƙa wuyan muke yi wa dariya, don Iya Dije har kwaikwaya take yi. Na taɓa ce mata laifin zabuwa ne, maƙaryaciya ce. Ta buge min kai da mafici.

"Mijin banza. Yaushe ta yi ƙarya? Abin da ta gani ta faɗa."

Neman abinci ya kawo ni Greensboro ta ƙasar Amurka, ina ɗaukar kaya a wani sito wajen Wendover. Gidan da muka kama haya da matata Hajara akwai wani farin faifai a rufin ɗaki. Da ya shaƙi hayaƙi sai ya yi ihu, ya kuma kira 'yan kwana-kwana da kansa. Hajara kuwa ba ta zama gidan da ba turaren wuta. Takan ce gidan warin baƙi yake yi, kaskon nan kaɗai ke mayar da ita ɗakin uwarta.

Faifan bai san turare ba. Jar mota ta zo, ƙarti da hulunan kwano suka tarar da mace riƙe da kasko. Ɗayansu har ya yaba ƙamshin. Aka aiko takardar gargaɗi. Da aka yi ta maimaitawa sai tara ta biyo, ta gaba ta fi ta baya. Dokar garin ke nan, kiran banza biyansa ake yi. Mai gidan ya ce in motar ta sake zuwa, mu nemi wani wuri.

Na ce mata ta daina. Ta dube ni.

"Malam, in ka raba ni da wannan, me ya rage min a ƙasar nan?"

Na hau kujera na rufa wa faifan safa, na ɗaure da roba. Muka zauna lafiya har sanyi ya wuce.

Ranar Juma'a ce da hantsi. Hajara ta dawo daga aikin dare a gajiye, ta sa garwashi, barci ya ɗauke ta. Ina sito aka kira ni. Sun ce ba wutar ce ta kashe ta ba, hayaƙi ne. Maƙwabci ne ya ga taga ta yi baƙi, lokacin an makara. Wani ɗan kwana-kwana ya nuna min safar a cikin leda, ya tambaya ko na san ta. Tawa ce, shuɗiya.

'Yan'uwa a masallaci sun ce kwananta ne ya ƙare. Ban musa ba.

Iya Dije ba ta taɓa faɗa mana abin da mai zabuwa ya yi bayan kura ta tafi ba. A nan take tsayawa, ta ce kara ya cinye, mu tashi. Da ina tsammanin rowa take mana. Yanzu na san babu abin faɗa ne. Gari na wayewa yake tashi ya tafi aiki. Ɗaya ƙafar safar tana cikin jakata har yau.