Nikaso da Maƙogwaron Filinmu

Ka taɓa ganin filin da ruwa ke shigarsa ta ko'ina, amma ba shi da rafi ko ɗaya da zai kai ruwan teku? To, namu haka yake. A tsakiyar duwatsun Arkadiya muke, kamar tsaba a gindin akushi. Na ƙirga da kaina: rafuka biyar ke gangarowa cikinsa, ƙauyuka uku ke noma shi, mafita kuwa ɗaya ce tak, wani rami a gindin dutsen gabas da muke kira Maƙogwaro. Duk ruwan can yake taruwa, ya yi juyi, ya shige ƙasa. Tun kakanni an san ramin na mutanen ƙasa ne, wato allolin da ke riƙe da matattu. Dabbar da ta mutu da kanta ba a ci, ba a binnewa. Tasu ce, sai a ja ta a kai musu. Ko ka so binnewar ma, a filinmu kana tona kamu biyu ruwa zai taso maka.

Nikaso matar yayana ce. A filin aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijin ya mutu ya bar mata tumaki ashirin da bakwai da 'ya ɗaya, Timo. Sana'arta rina gashin tumaki da jar saiwa, shi ya sa hannuwanta kullum jajaye ne har gwiwa. Kowace tunkiyarta tana da jan zare a wuya mai ƙulli uku, don kada ta saje da garken ƙauye. Bakinta kuwa ba ya hutu. In ta tarar ina ƙirga tulunan mai sai ta ce, "Ƙanen miji, fara da gashin kanka mana, yanzu shi ya fi sauƙin ƙirgawa."

Timo ta yi aure a bayan dutsen gabas, a gangaren da ke fuskantar teku. Mijinta Sa'on manomin zaitun ne. Ƙauyensu yana da maɓulɓula babba da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ruwa mai sanyi da ba ya ƙafewa ko da rani, kuma da ita suke tinƙaho.

Wata shekara ciwo ya shiga tumakin filinmu. Sittin da huɗu aka ja zuwa Maƙogwaro, tara daga ciki na Nikaso ne. Ana cikin haka mai kawo gishiri ya zo da labari: ɗan Timo, Lukis, wanda bai daɗe da yaye ba, yana kwance da gudawa da amai, kuma an riga an binne yara biyu a ƙauyen da irin ciwon. Na ɗaura wa jaki kaya, ni da Nikaso muka haye dutse.

Mun tarar da yaron idanu sun faɗa, uwarsa tana ɗura masa ruwa da ludayi. Ruwan tulun gidan ya ƙare, Nikaso ta ɗauka ta ce in raka ta. A bakin maɓulɓula ta durƙusa, ta tsoma tulun, sai na ga ta tsaya cak. Ta miƙa hannu tsakanin duwatsu ta zaro wani abu. Jan zare ne, da guntun gashin tunkiya manne a jikinsa.

Ta ce, "Kai mai ƙirga, ƙulli nawa ka gani?"

Na ce, "Uku."

Ni na ja wannan tunkiyar da igiya, na tura ta cikin Maƙogwaro, ga dutse guda tsakaninmu da wurin.

Ta juye tulun a ƙasa, muka koma da shi wayam. Sa'on ya dubi zaren a tafinta ya girgiza kai.

"Inna, jan zare ai ba ke kaɗai ke da shi ba."

"Ɗan nan, rinina ne, ƙullina ne. Ko a makance na san shi."

"Wannan ruwan kakannina suka sha, babu abin da ya same su."

"Kakanninka ba su sha miyar tumaki sittin ba. Ɗauki tulu ka hau tudu, ka ɗebo daga ƙoramar sama. In na ga ɗigon maɓulɓular nan a bakin jikana, da kai zan yi."

Ya ɗauki tulun, amma fuskarsa ta nuna biyayya yake yi, bai yarda ba. Ni kuma ba na son gardamar da babu abin nunawa. Na koma filinmu na tara ƙaiƙayin sha'ir kwando goma sha biyu, na kira dattawan ƙauyuka ukun, na juye shi a Maƙogwaro a kan idonsu. Bakwai daga cikinsu suka yarda su bi ni, yawancinsu don su yi mini dariya.

Muka zauna a bakin maɓulɓula, mu da mutanen Sa'on, muna jira har na fara jin kunya. Washegari da hantsi wata mata ta nuna da yatsa. Ƙaiƙayi ne ke tasowa, ɗaya-ɗaya da farko, can kuma ya rufe fuskar ruwan gaba ɗaya. Sa'on ya zauna a ƙasa daɓas.

Baba Hagiyas, dattijon da ya fi kowa shekaru a filinmu, ya ɗebi ƙaiƙayin a hannu. Abin da ya firgita shi daban ne. Ya ce, "Kenan duk abin da muke ba mutanen ƙasa tun kakanni, ba su taɓa karɓa ba?"

Nikaso ta ce, "Ba su karɓa ba, Baba. Jikana ne ya karɓa."

Ƙauyuka biyu suka amince a riƙa kai mushe kan tudu a ƙone. Na uku suka ƙi, suka ce itace wahala ne, kuma ba za su hana alloli rabonsu ba saboda ƙaiƙayi. Shi ke nan Nikaso ta kwashe tukwanen rininta ta koma bakin Maƙogwaro, ta kafa bukka, ta ajiye sanda a gefe. Duk wanda ya jawo mushe sai ya fara wucewa ta kan bakinta, kuma ban ga wanda ya iya ba. Suka kira ta karyar rami. Ta ce ta ji, a dai juya da tunkiyar. A wannan bukkar ta tsufa, a nan ta mutu.

Lukis ya tashi. Yanzu 'ya'yansa huɗu, duk daga maɓulɓular suke sha.

Kai ma kada ka tsaya jin labari kawai. Nemi ƙaiƙayi ko da kwando ɗaya ne, ka je inda ƙazamin ruwanku yake nutsewa ka juye, sannan ka zaga gangare ka zauna a bakin ruwan da mutane ke ɗiba. Ka gwada, ka ga abin da zai taso.