Yadda Sarel Ya Raba Kwana Talatin

Yayana Sarel Oberholzer ya yi shekara talatin da takwas a tashar jirgin ƙasa ta De Aar yana raba wa jirage lokaci: wanne zai shiga, wanne zai jira a gefe, wanne zai ba wani hanya. Jirage biyu ba su taɓa yin karo a hannunsa ba, shi kuma bai taɓa bari mun manta da hakan ba. Aikin ya bi shi har gida. Ƙarfe goma sha biyu da rabi yake cin abincin rana, da yunwa ko babu. Ranar aurensa da Hettie ya sa fasto ya fara ba tare da kawun amarya ba, don tsohon ya makara da minti shida. Ni ƙanwarsa ce, Miemie, amma Sus yake kirana, wato 'yar'uwa. Na girma ina jin "yi sauri, Sus" har furfura ta cim mini, saboda haka in na faɗi halinsa ba ƙage nake masa ba.

Da jirage suka ragu, tashar ta koma ta tantabaru, sai ya yi ritaya ya sayi mota mai ɗaki, ta hannu. Tana da gado biyu, da murhun gas, da wani ɗan banɗaki da sai ka yi shawara da gwiwoyinka kafin ka rufe ƙofa. Ya ce zai zaga da Hettie gandun dajin ƙasar nan kaf. Shekara uku motar tana ƙarƙashin rumfa. Kowace Asabar ya wanke ta, ya tayar da ita minti goma, ya kashe. In ka tambayi maganar tafiya, ya ce ana kan shiri.

A farkon Yuli na shekara ta uku, likitan ido a Bloemfontein ya gaya wa Hettie cewa ganinta yana tafiya, kuma ba mai dawo da shi. Ya ce shekara ɗaya, wataƙila ƙasa da haka. Da yamma na shiga gidansu na tarar Hettie tana yanka busasshen burodin da muke tsomawa a kofi, Sarel kuma ya shimfiɗa taswira a teburin kicin ya danne kusurwoyinta da kwalaben gishiri da barkono.

Na ce, "Ouboet, babban yaya, ɗauki matarka ku tafi gobe. Motar nan ba ado ba ce."

"Gobe? Mu tafi ina? Ke ba ki san tun wata goma sha ɗaya kafin rana ake kama wurin kwana a gandun daji ba? Yanzu ko'ina a cike yake."

"Ai wasu suna fasawa."

"In ɗauki Hettie in fita a kan ƙila wani zai fasa? Kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can, kamar waɗanda aka kora daga gida? Kuma daga Oktoba ruwa ya sauka, ciyawa ta kai ƙugu, giwa ma sai ka yi sa'a. Ga sauro. A'a, Sus. Yunin baɗi. Ciyawa ta kwanta, dabbobi duk suna bakin ruwa. In za ta gani, ta gani da kyau."

Abin haushi, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Duk wanda ya san daji haka zai ce maka. Na juya wajen Hettie ko za ta kama mini, sai ta ci gaba da yankanta.

"Ku bar ni da rigimarku," ta ce. "Duk yadda Pa ya tsara." Pa take kiransa, shi kuma yana kiranta Ma.

Ya tsara kuwa. Kwana talatin ya yanke, hanya ta cinye shida, ya rage ashirin da huɗu, kuma a kan waɗannan ya kusa haukata mu. Ya ba gandun dajin Addo huɗu, ya ƙwace ɗaya ya ba Kruger, washegari tausayin Addo ya kama shi ya mayar. Ya cire Augrabies gaba ɗaya, sannan ya tuna Hettie ba ta taɓa ganin ruwan da ke faɗowa a can ba, ya dawo da shi da kwana uku. Wata rana ina zaune ya ɗago kai.

"Ma, giwa ko zaki? Wanne kika fi so?"

"Wanda ya fi kusa."

Ya yi dariya ya ce matar nan ba ta rabo da barkwanci, ya koma kan taswirarsa. A ƙarshe Karoo ta samu biyu, Addo huɗu, Kruger takwas, Kgalagadi bakwai, Augrabies uku.

Ranar da aka buɗe kama wuraren Yuni, ya sa rigar zuwa coci ya zauna gaban kwamfuta tun ana saura awa ɗaya, ni kuma ya ɗora ni a kan waya ina bugawa. Kgalagadi ce abin tsoro, don zangonta ƙanana ne kuma kowa ita yake hari. Ya samu bakwai ɗinsa cif. Na ga ya cire tabarau yana goge ido, har na ji kunyar irin zagin da nake masa a zuci. Ranar ya kai jadawalin shago aka manne shi cikin roba, kwafi uku, kowa da nasa.

Sai muka zauna jiran wata goma sha ɗaya. Shi ya canza tayoyi, ya auna nisan kowane gidan mai, ya sayi sabon madubin hangen nesa. Ni kuwa ina kallon Hettie. Ta daina tuƙi ta ce ƙafarta ce. Ta daina ɗinki ta ce ya ishe ta. A kasuwa sai mutum ya yi magana take kiran sunansa. Wata Lahadi a coci na leƙa littafin waƙarta na ga ba shafin da ake rerawa ba ne, alhali bakinta bai kuskure kalma ɗaya ba. Ta ji na leƙa, ta mintsine ni a cinya.

Da muka fito ta ce, "In kika gaya masa, ba ni ba ke."

"Haba, Hettie. Ko yanzu ai za a iya tafiya wani wuri."

"Ki bar shi. Tun da aka rufe masa tasha ban ga ya tashi da safe yana fito ba sai yanzu."

Ban gaya masa ba, kuma abin nan har yau yana ci na. Ita ta roƙi a tafi da ni, wai in taya ta girki, tunda mijina ya rasu ba mai jirana a gida.

Ba zan ɓoye ba, ban taɓa gajiya irin ta tafiyar nan ba. Ƙarfe biyar Sarel yake tashin mu, mu naɗe gado cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, mu shiga layin motoci a bakin ƙofar zango tun ba a buɗe ba. A layin muke shan kofi. Daga nan sai tafiya a hankali, awa bayan awa, ba halin sauka ka miƙe ƙafa sai a wuraren da aka yarda, sannan a yi ta lissafin komawa kafin a rufe ƙofa da yamma. A Karoo ruwa ya daskare a bututun mota. Ba mu gama sanin inda famfon Addo yake ba aka ce a tattara. Kwana uku muka yi a kan kwalta zuwa Kruger, ni a baya ɗaure da bel a gefen tebur, tukwane suna ƙara a kabad, bayana kamar an daka shi a turmi.

Sarel yana tuƙi yana nunawa. "Ma, hagu, gindin bishiyar can. Raƙumin dawa."

Hettie ta juya kai inda ya ce. "Kai, ga shi kuwa. Ya yi kyau, Pa."

Sai ya ciro biro daga aljihu ya yi alama a takardarsa, ya duba lokaci, ya ja mota. In abin yana da yawa nakan miƙo kai kamar zan ɗauki wani abu in raɗa mata guda nawa ne.

Damisa kaɗai ta ƙi shi. A kowane zango akwai allo mai taswira inda mutane ke manna alamar abin da suka gani da inda suka gan shi. Sarel yana zuwa allon nan sau uku a rana yana dawowa da fuska a murtuke. Rana ta bakwai a Kruger, kwananmu goma sha shida da barin gida, wani ya manna damisa a wata hanyar tsakuwa da ke bin busasshen kogi. Muka bi ta wajen ƙarfe huɗu, kowa ya gaji da kowa. Can sai ya taka birki har kofuna suka zube.

"Damisa! Ma, damisa! Kan babban reshen can, ga jelarta tana lilo!"

Hettie ta juya. "Na gan ta. Kai, Pa, dubi jelar nan. Dubi ɗigon jikinta."

Ya ɗauki madubin hangen nesa ya kafa. Ya daɗe. Ni daga baya na riga na gane abin da yake kallo: karyayyen reshe ne, ɓawonsa ya saluɓe yana reto. Ya sauke madubin a hankali ya ɗora a cinya.

"Ma, wane gefe kanta yake?"

"Dama."

"Hettie, reshe ne."

Rabon da in ji ya kira ta da sunanta tun kafin su haifi 'yarsu ta fari. Ya kashe mota. Babu abin da ake ji sai kukan kurciya.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti."

"Giwayen Addo fa?"

"Na ji warinsu. Na ji cikinsu yana ƙugi."

"Zakunan shekaranjiya? Ke kika ce huɗu ne."

"Miemie ta raɗa mini."

Ya juyo ya kalle ni. Sai na sunkuya ina tsince kofuna.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka riga ka sa wa jadawalin roba, Pa."

Wata mota ta zo ta tsaya kusa da mu, kamar yadda ake yi in an ga wani ya tsaya. Wani saurayi mai jar fuska ya sauke gilashi.

"Oom, me ake gani?" Oom dai kawu ne, haka matasa suke kiran dattijo.

"Ba komai," in ji Sarel.

Saurayin ya leƙa bishiyar duk da haka, ya ɗaga kafaɗa, ya wuce. Sarel ya jira ƙurarsa ta kwanta.

"To in na ce ki duba, me kike gani?"

"Tsakiya babu komai, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Gefe ne ya rage, wannan na dama. In na juya inda ka nuna, kai da kake damata nake gani." Ta yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Kwana goma sha shida ina kallonka. Ka ɗaga hannu ka duba agogo, ka sauke, ka sake ɗagawa. Ka tsufa, ka sani? Ba wanda ya gaya mini."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kafaɗunsa suna motsi, ni kuma na ji tausayinsa da haushinsa a lokaci guda. Amma ƙofa ana rufe ta biyar da rabi ko wa ke kuka, don haka ya tayar da mota muka koma.

Washegari bai tashe mu ba. Sai da rana ta shigo ta taga na farka, na tarar ya tafi ofishin zango ya roƙa a bar mu inda muke, mu zauna wuri ɗaya ko na mako guda. Ya dawo ya tsaya a ƙofar mota da hularsa a hannu.

"Babu wuri, Ma. Ko na kwana ɗaya. An kama tun bara."

"To mu je gida," in ji Hettie. "Can ba sai an kama ba."

Ba mu ga Kgalagadi ba, ba mu ga Augrabies ba. Kwana biyu muka yi a hanya.

Gefen nan na dama ya ƙara mata wata bakwai. Kullum bayan la'asar suna fitowa baranda, Sarel ya ja kujera ya zauna a damanta, ita kuma ta juya fuska wajen katangar maƙwabta. Mutanen unguwa suka fara cewa Oom Sarel da Tannie Hettie, wato gwaggo Hettie, sun ɓata tun a tafiya, ga shi ko kallonsa ba ta son yi. Ban gyara musu ba, na gaji da bayani. Yayana bai iya zama ba, bai taɓa koya ba. Ƙafarsa tana ta karkarwa har sai ta lalubo gwiwarsa ta dafa. Haka ya zauna mata kowace yamma har watan Janairu, ranar da ta ce masa ya daina wahalar da kansa, ya zauna duk gefen da ya ga dama.

Ran nan ya rako ni bakin titi, abin da bai saba ba. Na ɗauka zai ce in kawo wani abu gobe. Sai ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Wata goma sha ɗaya, Sus," ya ce. "Suna hannuna, na bari suka wuce."

Na so in ce masa nima suna hannuna, amma Hettie ta kira shi daga baranda tana tambaya ko yana nan, ya juya ya koma da sauri.