Damaris Yafet, Wadda Ba Ta Buga Tarihin Mamaci Sai Ta Tambaya

Kowace safiya, bayan addu'a, Mama Damaris Yafet takan buɗe ɗan shagonta kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ta kunna kwamfuta, ta jira masu makoki. Aikinta shi ne buga takardar jana'iza, wadda ake karanta tarihin mamaci daga cikinta a majami'a. A ƙarshen wannan wata za ta ajiye aikin, domin idanunta sun gaji.

A da, dattawan gida ne ke zuwa su faɗi tarihin da bakinsu. Yanzu 'ya'ya kan rubuta sunan mamacin a waya, injin bincike ya ba su amsa a shirye. Ƙa'idar Mama Damaris ba ta sauya ba: ba ta bugawa sai wanda ya zauna da mamacin ya saurara ya amince.

Maƙwabciyar shagonta, Faustina, ta shaida ranar da Silvanus Zamani ya iso daga Abuja da tarihin mahaifinsa a wayarsa. Wayar ta ce marigayin ya yi yaƙin basasa, har ya sami lambar yabo. Ɗan ya yi murna, don bai san ƙuruciyar uban ba.

"Mama, ki buga kawai, jibi ne jana'iza," in ji shi.

"Ɗana, wayar ta taɓa cin tuwo a gidanku? Mu je wurin mamanka."

Ta rufe shago, suka hau babur zuwa Kagoma, garin marigayin. Da aka karanta wa gwauruwar, Mama Afiniki, sai ta ɗago kai.

"Soja? Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, sai na kira maƙwabci? Duk shekarun yaƙin yana gyaran layin dogo."

Ashe injin ya haɗa shi da wani mai irin sunansa. Da an buga, da tsohuwar ta zauna a gaban ikilisiya tana jin rayuwar baƙo a kan akwatin mijinta, jikoki kuma su gaji takardar.

Mama Damaris, ke ce mai haƙurin tambaya. Mun gode, Ubangiji ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, kafin ku buga abin da waya ta faɗa, ku nemi wanda ya san mutumin tun yana da rai.