Akumarin Duna

A ƙauyenmu, can tsakanin Gozaki da Tsiga, in an gama cin tuwo kakarmu takan sa a hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta don ta ga zaren da take kaɗi. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa. Ni take kira mijinta, kullum kuma sai ta faɗa wa jama'a ba ta taɓa auren rago irina ba. Har yau in na ji ƙaurin karan dawa, muryarta nake ji.

A shekarar da nake magana, mahaifina ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, ya bar gandu a hannun ƙanensa, Baffa Ɗanlami. Allah Ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin wanda ya gwanance da naɗa rawani ya kuma kasa ɗaure akuya kamarsa ba. Mutum ne mai kwalli da taku, mai son a ce da shi maigida. Hannunsa kuwa laushi kamar na jariri.

Jakinmu ɗaya ne tal, baƙi, muna ce masa Duna. Gonarmu jigawa ce da ta gaji, in ba a kai mata taki da rani ba, ba ta san kowa ba. Takin awaki da tokar gida da sharar turke, duk a bayan Duna suke tafiya cikin mangala. Mahaifina in ya sauke kaya yakan kwance akumari, wato matashin da ake ɗora wa jaki a ƙarƙashin kaya, ya shafa bayan, ya ba shi harawa da ruwan kanwa. Baffa ya ce wannan aikin marasa abin yi ne. Ya ɗaure akumari tam, ya ce wanda ya kwance zai sha bulala. Da safe taki, da yamma itace, ranar kasuwa kuma ya lafta masa auduga ya hau bisa kayan yana gyara rawani. Ba a jima ba ƙuda suka fara bin Duna, wari na tashi, in an matso da mangala sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Kaka ta yi wa Baffa magana sau ɗaya. Ya ce, "Haba Inna, jaki ne fa. Ni ban ga komai ba."

Daren nan Baffa na kishingiɗe a tabarma nesa kaɗan, yana sakace. Kaka ta murza mazari ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta."

Wai an yi wani mutum da ya yi imani duk abin da idonsa bai gani ba, to babu shi. In ɗakinsa na yoyo sai ya juya fuska bango. Bayan jakinsa ya yi miki, ya leƙa sau ɗaya, ya yi maza ya rufe, ya sa aka ɗinke akumarin don kada ya sake tashi. Jaki ya rasa wurin kai ƙara, sai ya kai wa gona, tun da ita yake yi wa dakon abinci. Gona ta ce, "Ashe haka ake yi a gidanku? Ana rufewa a ce lafiya? To ni ma na iya." Da damina ta yi, sai gona ta lulluɓe kanta da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, fure ja-ja gwanin kyau tun daga wannan iyaka har waccan, dawa kuwa ta tsugune a ƙasa ko gwiwa ba ta kai ba. Mutumin ya tsaya bakin gona yana murmushi, yana cewa duk garin ba mai gona mai ado kamar tasa. Da aka yi girbi ya rufe rumbu, ya hana kowa ɗaga murfi. Iyalinsa na kukan yunwa, shi yana cewa rumbu cike yake, ai ba wanda ya ga ba haka ba.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, to da ya buɗe fa?"

"Ke kuwa! Irinsu suna buɗewa ne?" Ta ɗaga murya yadda za ta kai tabarma. "Ta ƙare, na jefa kanta a wuta. Wanda ta ƙona ya sani."

Baffa ya yi tsaki, ya ce tsofaffi ba su da aiki sai ɓata yara, ya shige ɗaki. Ya ji sarai. Washegari ya ƙara wa Duna kaya.

Ana cikin bazara, taki bai kai rabi ba, Duna ya durƙusa a hanyar gona bai sake tashi ba. Da aka yanke igiya aka ɗaga akumarin, da fata ya taso. Ba zan faɗi abin da na gani a ƙarƙashinsa ba. Na yi kuka har na shiɗe, kuma tun daga ranar ban sake ganin Baffa da gashi a ka ba. Maƙwabta kowa na fama da nasa takin, kuma labari ya riga ya zaga, ba mai ba shi aron jaki. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Dole maigida ya ajiye rawani, ya naɗa gammo, ya riƙa jidar taki a kwando bisa kansa.

Kan da bai saba ba, nan da nan ya saɓule. Wata yamma ya zo ya tsuguna gaban Kaka, muna zaune, ya ce, "Inna, ko kina da garin bagaruwa da man kaɗe? Kaina ya yi ciwo."

Ko dubansa ba ta yi ba. Ta ce, "Mayar da gammon ka ɗaure tam, Ɗanlami. Ni ban ga komai ba."

Daga baya ta aike ni da maganin, don uwa ce. Amma gona ba uwarsa ba ce. Gefen da taki bai kai ba ya yi furensa ja-ja, muka ci rama da tafasa har muka gaji kafin sabuwar dawa ta gaba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar wawa ce. Sai da na yi furfura na gane mutumin nan ba wawa ba ne, ya leƙa sau ɗaya, ya sani. Wanda bai sani ba ana koya masa. Wanda ya gani ya rufe, ya hau bisa yana gyara rawani, shi ne ban da wurin ajiye shi a raina, ko da kuwa jinina ne. Shi ya sa har yanzu in baƙo ya sauka gidana, nakan sa a kai masa ruwa, ni kuma in zaga turke in ɗaga akumarin jakinsa. A nan nake sanin wa na saukar.