Gangaren Masallacinmu na Dar Salam

Ni karatuna aji uku ne, na huɗun auduga ta cinye shi a Jazira. Don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wurin auduga. Amma abin da zan faɗa da idona na gan shi, wani ɓangaren ma da ƙeyata.

Ina da taubashi, ɗan goggona. Tare muka yi haƙan tur'a, wato magudanar ruwan gona, kafin mu dawo Omdurman mu zauna a Dar Salam. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga gwiwa, ya koma kan keken guragu. Na ce masa ai ya huta da sayen takalmi biyu. Ya ce ko da ƙafa ɗaya ya fi ni bin hanya madaidaiciya.

Wahalar mota ya jure ta. Hafla, wato bas ɗin haya, in ta hango keke, sai direba ya ga abin kallo a ɗaya gefen titi. Raksha kuwa, babur mai ƙafa uku, sai an naɗe keken an rungume shi kamar ragon layya. Abin da ya ci masa rai shi ne matakala biyar na masallacin unguwa, wanda aka ɗaga gininsa saboda ruwan damina. Tun da aka gina shi yake sahun farko. Yanzu Juma'arsa a waje yake yin ta, cikin rana, tare da 'yan makara.

Muka ce mu riƙa ɗaukarsa. Ya ce, "Mutum huɗu sau ɗaya za su kawo ni masallacin nan a kafaɗa, kuma ranar ba zan ji kunyar kowa ba."

'Yarsa ta yi karatun gine-gine a Khartoum. Ita ta ce akwai doka, duk ginin da jama'a ke shiga sai an yi masa gangare na masu keke, kuma gangaren yana da awo. Ta ce za ta zana mana a takarda. Mu tsofaffin Jazira muka kalli juna. Mu da muka shekara muna yi wa ruwa hanya, yarinyar da aka yi sunanta a gabanmu ce za ta koya mana gangare? Na ce, "'Yata, ajiye alƙalaminki."

Wani ɗan uwanmu mai aikin bulo a Aljirif ya aiko da jan bulo sadaka. Kwana biyu muka gama, taku huɗu tsawonsa, sumul. Sai muka gwada shi yadda muka iya: aka kawo buta aka zuba ruwa daga sama. Ruwa ya zubo da gudu, ko ɗigo bai tsaya ba. Muka yi kabbara.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka kira mai gangare, taubashina. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya koma kan benci.

"Kai ɗan kawu, zo ka hau keken nan ka nuna mini."

"Ni da ƙafafuna biyu?"

"Ai da hannu ake hawa. Ko hannun ma na cin asida ne kawai?"

Na hau. Turawa biyu na yi, ƙafafun gaba na keken suka ɗaga sama suna gaida jama'a, na ga hasumiya a inda ya kamata in ga ƙofa. Ƙeyata ce ta fara isa ƙasa, hulata ta biyo baya daga bisani. Liman ya yi salati. Taubashina kuwa dariya har da hawaye, rabon da in ji ta tun kafin asibiti.

Ya ce, "Kun yi wa ruwa hanya. To ni ruwa ne? Shi sauka yake so, ni hawa."

Ni da kaina na je wurin yarinyar, da ƙulu a ƙeya. Ta ɗauko takardar, ashe tuni ta zana ta. Ta ce, "Baffa, duk tsayin taku ɗaya, tsawon taku goma sha biyu, da ƙarfen riƙewa a gefe." Muka auna. Babu inda zai ɗauki wannan tsawo sai jikin bangon gabas da ƙofa, inda ake tuɓe takalma. Muka rushe aikinmu muka sake. Da aka gama, wani dattijo bai haƙura ba, ya zuba butarsa. Ruwan ya riƙa rarrafe kamar mai ciwon baya. Ya girgiza kai ya ce wannan tur'a ba za ta shayar da ko kubewa ba.

Juma'a ta zo. Liman ya riga ya ce a goge ƙafafun keke da tsumma a bakin ƙofa, shi ke nan, ba wata fatawa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne takalma. Jama'a suka ga wuri mai faɗi, mai tsabta, daidai inda suka saba tuɓewa, suka jera su tun daga ƙasa har sama. Nawa sabon markub, takalmin fata da na saya don Idi, yana tsakiya.

Taubashina ya iso, ya tsaya a gindin gangare. Na taso zan kwashe.

"Zauna. Wanda ya ajiye a hanya ya ba hanya."

Ya ja numfashi, ya kama ƙafafun kekensa, ya hau. A hankali, yana nishi, yana bi ta kan silifa da fata, ba wanda ya taɓa shi. Na lura da ya zo kan markub ɗina sai da ya ɗan ja baya ya sake bi. A bakin ƙofa ya goge ƙafafun keken da kansa, ya wuce gefen dama na sahun farko.

Bayan sallama mutane suka fito suna neman takalmansu suna miƙe su. Ba a sake ajiye ko ɗaya a wurin ba, kuma ba a rubuta sanarwa ba. Markub ɗina har yau na dama ya fi na hagu faɗi.